Teburin awon injin watsa shiri: littafin aikin shago

Litinin, 10 ga Fabrairu 2025

An kawo mini injin watsa shiri mai wat 300 daga wani gidan rediyon karkara na cikin jiharmu. Koken mai kula da na'urorinsu shi ne tun bayan daminar 2024, wadda ruwanta ya yi ɓarna a Maradi da kewaye, injin sai ya ɗan jima yana aiki lafiya, sannan jar fitila ta kama, ya rage ƙarfinsa da kansa. Garuruwan nesa sun daina kama tashar, masu kawo sanarwar biki da cigiya sun fara ƙorafi. Shi a ganinsa injin ne ya gaji, daraktansu kuma har ya soma tambayar kuɗin sabo.

Ba zan kunna shi ba sai na sama wa ƙarfinsa wurin zuwa. Irin wannan inji idan aka tashe shi babu eriya, abin da ya fitar dawowa yake yi ya ƙone taransistocin ƙarshe. Na'urar duba sigina da nake da ita kuma, ƴar tinySA mai shiga aljihu, iyakar abin da bakinta ke ɗauka miliwat 10 ne. Wat 300 ya ninka wannan sau dubu talatin. Don haka kafin a taɓa injin sai an yi tebur: eriyar bogi da za ta shanye ƙarfin ta mai da shi zafi, da atenuwata, wato ƴan akwatunan da ke rage ƙarfin sigina da adadin da aka sani, da kawunan waya da za su haɗa su. Na ce musu su ci gaba da ƙaramin injinsu na ko-ta-kwana, aikin zai ɗauki lokaci.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na zaga Babbar Kasuwa da ɗan yayata da ke koyon aiki a wurina. Abin da ya cika rumfunan masu kayan lantarki kayan tauraron ɗan Adam ne: wayar RG-6 da kawunan F. Duka na om 75 ne (om shi ne ma'aunin turjiyar da lantarki ke tararwa a hanya), na talabijin. Kayan watsa shiri kuwa om 50 suke. Tun zamanin da aka fara auna wayar kowaks, wato irin wannan waya mai zare ɗaya a tsakiya da raga a kewaye, an gano cewa mai iska a ciki ta fi ɗaukar ƙarfi a wajen om 30, ta fi ƙarancin asara a wajen om 77, sai aka tsaya a 50 a matsayin tsaka-tsaki, talabijin da ba ta ɗaukar ƙarfi ta zauna a 75. Mai rumfa ba ruwansa da wannan, in kai ya shiga waya to ya yi.

Mun samu kawunan PL-259 da ƴan BNC, na N kuwa guda biyu kacal, a ƙasan wani kwali. Na sayi ɗaya don gwaji. Da muka dawo na ɗora ƙarfen like a kan allurarsa, kafin dalma ta narke farar robar da ke riƙe da ita ta yi laushi, allurar ta karkace ta kwanta gefe. Kan kirki Teflon ake sa masa, wanda sai zafi ya haura digiri 300 yake narkewa. Guntun wayar RG-58 da muka haɗo da shi ma ragarsa ta ƙi kama dalma, na kankare ta da wuƙa sai ga farin alminiyam a ƙarƙashin jan launi. Araha ba ta ado.

Shawarar da na yanke yau: atenuwata ni zan ƙera su, ba su wuce rezistans uku da lissafi ba. Kuɗin da ke hannu duka kan kawuna zai tafi. Na rubuta saƙo zuwa Sabon Gari ta Kano ta hannun wani direba da ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau lissafi muka zauna yi. Yaron ya iya gyaran salula, hannunsa ba ya rawa, amma dB, ma'aunin da ake auna raguwar ƙarfin sigina da shi, na ba shi tsoro. Na ce ya riƙe abu biyu kawai: 3 dB rabi ne, 10 dB kashi ɗaya cikin goma ne. Sauran duk tarawa ce. 20 dB ɗaya cikin ɗari, 30 dB ɗaya cikin dubu, 6 dB rubu'i. In ka jera mai 20 da mai 10 ka samu 30, babu ninkawa babu rabawa. Miliwat ɗaya shi ake kira 0 dBm, wat ɗaya 30 dBm, injinmu na wat 300 ya kusa 55 dBm. Masu tinySA sun ce in ana son awo mai tsabta kada abin da ke shiga ya wuce 25 ƙasa da sifili. Daga 55 sama zuwa 25 ƙasa, 80 dB ke nan za mu zubar a hanya.

Tsarin da na zaɓa shi ne mai ƙafa biyu da gada: rezistans ɗaya daga mashiga zuwa ƙasa, ɗaya daga mafita zuwa ƙasa, na uku ya haɗa su ta sama. A kan om 50, mai 10 dB yana son ƙafafu om 96.2 da gada om 71.2. Mai 20 dB ƙafafu 61.1, gada 247.5. Mai 6 dB ƙafafu 150.5, gada 37.4. Waɗannan lambobi ba a sayar da su a kasuwa, haɗawa ake yi. Om 100 kafaɗa da kafaɗa da 2,700 ya ba da 96.4. Om 75 da 1,500 ya ba da 71.4. Om 270 da 3,000 ya ba da 247.7. Wannan kusancin ya wadatar.

Ya tambaye ni: "Kawu, mi ya hana mu yi guda ɗaya mai 40, mu huta?" A takarda babu abin da ya hana. A kan tebur kuwa gadar mai 40 tana kai om 2,500, sigina mai MHz 100 kuma idan ta tarar da hanya mai tsauri haka sai ta tsallaka ta iska daga wannan ƙafa zuwa waccan. Ka rubuta 40 a jikin akwati, abin da ke faruwa ciki bai kai ba. Gara biyu masu 20, kowanne a ɗakinsa. Mun yanka gwangwanin madara muka yi akwatunan, da bango a tsakiya mai ƴar huda da gada ke bi, aka like kowane gefe da dalma. Rezistans ɗin ƙananan nan ne marasa ƙafa irin na cikin salula, shi ya ɗora su da hantsaki. Masu dogayen ƙafafu ba su dace ba, domin a wannan zango santimita ɗaya ta waya ma ta zama naɗi mai tare wa sigina hanya.

Abin da nake so da atenuwata shi ne ko mai shagon da ba shi da komai sai batir da ma'aunin hannu zai iya gwada ta. Ka toshe mafita da om 50, ka auna mashiga, dole ka ga 50. Ka sa batir, ka auna bolt a shiga da fita: mai 20 dB zai rage shi sau goma, mai 6 dB sau biyu, mai 10 dB sau uku da ɗan ɗoriya, 3.16. Namu duka sun ci wannan jarrabawa. Ta NanoVNA, na'urar da ke gwada su da siginar rediyo ta gaske, tana jiran kawuna.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: zafin ba daidai yake rabuwa ba. A mai 10 dB ƙafar mashiga ita kaɗai ke shan fiye da rabin ƙarfin, gada kusan kashi ɗaya cikin uku, ƙafar mafita kashi 5 cikin ɗari. A mai 20 dB ƙafar farko na shan sama da kashi 80. Shi ya sa manyan atenuwata na kanti ake rubuta musu gefen shiga, wanda ya juya su ya ƙone su.

Laraba, 12 ga Maris

Saƙon Kano ya iso. Azumi ne, aikin safe kawai muke yi.

Na zazzage kawunan N a kan farar takarda na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ware guda biyu masu siririyar allura. Na om 75 ne suka shigo cikin kayan. Daga waje ba ka bambanta su, murɗinsu ɗaya. Namijin 75 a cikin macen 50 lilo yake yi, ya taɓa yau ya saki gobe. Namijin 50 kuma idan aka tura shi cikin macen 75 buɗe mata baki yake yi, ta lalace ke nan. Na ɗaure su a leda na rubuta a jiki.

Yaron ya kawo wata ƴar waya daga tsohon akwatin wifi, ya murɗa ta a NanoVNA, ta shiga daidai, amma allo bai nuna komai ba. Na ce ya cire ya leƙa ciki. Rami ne ke kallon rami. Kayan wifi RP-SMA suke amfani da shi, wato kan SMA irin na bakin NanoVNA da aka sauya wa allura gefe, noti ɗaya amma tsakiya ba ta haɗuwa. Na kuma nuna masa cewa a SMA noti ake juyawa, jikin a riƙe shi cik, kuma ba a matse shi da filaya. An ƙiyasta masa haɗawa da cirewa wajen sau 500 ne, don haka na sa wa bakin kowace na'ura ɗan tsawo da zai zauna dindindin, in ya cinye a sauya shi.

Akwatunanmu a NanoVNA: masu 20 dB ba su kauce da fiye da rabin dB ba har MHz 300.

Talata, 8 ga Afrilu

Eriyar bogi. Mai kula da na'urorin gidan rediyon ya aiko mini da fararen rezistans na siminti, irin na cikin tsohuwar talabijin, ya ce ma'auni ya nuna masa 50 daidai. Gaskiya ne, a batir 50 ne. Amma cikinsu waya ce aka nannaɗe, a MHz 100 naɗi ne kawai, injin zai gan su kusan kamar babu komai a bakinsa.

Na yi amfani da guda biyu masu om 100, kowanne wat 250, irin masu gindin ƙarfe da ake ɗaurewa da sukuru. Kafaɗa da kafaɗa sun ba da om 50. Wat 250 ɗin nan alkawari ne mai sharaɗi, sai gindin bai wuce zafin da aka rubuta masa ba, mu kuma muna Afrilu, inuwa ma ta haura digiri 40, cikin shago mai rufin kwano sai abin da hali ya yi. Na ɗaure su a kan babban farantin alminiyam mai haƙarƙari da muka ciro daga mataccen injin walda, bayan mun goge fuskarsa ta yi sumul, muka shafa farin man zafi siriri, muka sa fankar kwamfuta biyu. Macen N tana zaune dab da su, tsakaninsu guntun fallen jan ƙarfe mai faɗi. Na gargaɗi yaron kada ya taɓa fasa irin waɗannan rezistans ko ya goga su a dutse, wasunsu da farin sinadarin beriliyam ake yinsu, ƙurarsa guba ce ga huhu.

SWR, awon da ke nuna yawan ƙarfin da ke dawowa (1 na nufin babu abin da ya dawo), ya tsaya 1.1 daga MHz 87.5 zuwa 108. Ya yi.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Babu ɗaya cikin ƙananan akwatunanmu da zai ɗauki wat 300, ko na kanti masu kan SMA galibi wat 2 ne. Dabarar ita ce a bar ƙarfin ya wuce zuwa eriyar bogi, a ɗebi kaɗan a gefe, kamar mai ɗanɗana miya da bakin ludayi. Akwati ne mai N biyu da fallen jan ƙarfe ya haɗa su kai tsaye. Daga fallen rezistans uku masu om 820 suka sauko a jere, jimla 2,460, suka ƙare a kan om 51 da bakin BNC. Idan na'ura mai om 50 ta hau bakin, bolt ɗin da take gani ɗaya cikin ɗari ne, wato 40 dB. Wat 300 ya koma miliwat 30. A wat 300 layin na ɗauke da bolt 122, jerin nan uku kuma na shan wajen wat 6, don haka masu wat 3 na sa, kuma duk da haka suna zafi. A zangon FM ya ba da 40 daidai, a MHz 300 ya zube zuwa 37 saboda tsallaken nan ta iska. Na rubuta lambobin a takarda na manna a murfin, duk mai awo ya gyara lissafinsa da su.

Da la'asar wuta ta zauna, muka jera: inji, akwatin ɗiba, eriyar bogi, sannan daga BNC mai 20, wani mai 20, tinySA. Mun fara da wat 30, muka riƙa hawa. A 300 ya yi sa'a guda cur, jar fitila ba ta ko ƙifta ba, farantin ya yi zafin da hannu ba ya jimawa a kai amma bai wuce nan ba. Injin lafiyarsa lau. Na kira darakta na ce ya dakata da maganar saye, ciwon yana tsakanin bayan injin da ƙolin ƙarfen eriya.

Asabar, 17 ga Mayu

Mun isa garin da hantsi. Kafin in haɗa NanoVNA da wayar da ta sauko daga sama sai da na taɓa allurarta da ragarta da sukudireba, domin busasshiyar iska na tara wuta a eriya, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe bakin na'ura. Awon ƙasa ya nuna SWR 1.9. Mai kula da na'urorin ya ce: "Ka gani ko, Malam? Bai kai 2 ba ma." Lallai 2 na nufin kashi 11 cikin ɗari ne ke dawowa, 1.5 kashi 4, 3 kuma rubu'i. Sai dai awon ƙasa yana da ha'inci. Abin da ya dawo sau biyu ya bi wayar, hawa da sauka, kowace tafiya tana cinsa. Waya mai asara atenuwata ce da ba a nema ba, tana ɓoye laifin da ke sama. In ka sa mai 10 dB a bakin na'ura ka bar ƙarshensa a buɗe, babu eriya sam, za ka ga SWR 1.2.

Aka kashe komai, na sa makullin ɗakin inji a aljihuna, yaron ya ɗaura bel ya hau. Abin da ya sauko da shi: kan PL-259 a ƙarshen wayar RG-213, an murɗa masa adafta zuwa N, an naɗe duka da baƙin salatif na wayar gida wanda rana ta mayar ɓawo. PL-259 tun shekarun 1930 aka ƙirƙiro shi, ba ya riƙe om 50 daidai, ba shi da robar hana ruwa. N da Paul Neill ya fito da shi a shekarun 1940 yana da duka biyun, to me ya kawo wancan ƙolin ƙarfe? Na san amsar, shi ake samu a kasuwa. Da na kwance shi kore ne ya zubo kamar gari, allurar ta yi baƙi, gefen robar ya ƙone. Ga dalilin jinkirin jar fitila: mahaɗin na ɗumama a hankali, ƙarfe ya buɗe, taɓawar ta ƙara lalacewa, sai injin ya kare kansa.

Mun haɗe ƙarshen wayar a sama muka auna daga ƙasa, muka raba biyu: asarar 4 dB a mita 40. Sabuwar RG-213 wajen 7 dB take ci a mita 100 a wannan zango, wato bai kamata ta wuce 2.8 ba. Da wannan asara, 1.9 na ƙasa yana nufin kusan 8 a sama. Ruwa ya bi raga ya gangara. Muka riƙa yanka muna dubawa har muka tarar da jan ƙarfe mai sheƙi, wajen mita uku ya tafi, Allah ya sa akwai rara a naɗe a gindin ƙarfen.

Lahadi, 18 ga Mayu

Sabon kan N na matsewa, babu adafta. A kansa salatif mai narkewa ya haɗe da kansa, an ja shi ya miƙe, daga ƙasa zuwa sama yadda kowane zagaye zai rufe na ƙarƙashinsa, sannan baƙin salatif a waje don rana. An lanƙwasa wayar ta yi ciki kafin ta shiga ɗaki, ruwa ya ɗiga a waje. SWR 1.2, asara 3.1 dB. Injin ya wuni a 300.

Darakta ya ce to kuɗin da aka tara fa? Na ce: "Ranka ya daɗe, har yanzu rabin ƙarfinku a cikin waya yake mutuwa. Wat 147 ke isa sama." Wayar rabin inci mai bawon jan ƙarfe wajen 2.2 dB take ci a mita 100, a tsawonsu bai kai 1 dB ba, wat 245 zai isa eriya. Daidai yake da a ce sun sayi inji mai wat 500 sun bar tsohuwar waya, ga shi kuma ba za a ƙara musu ko dala a kuɗin wuta ba. Ya ce zai kai wa kwamiti.

Litinin, 7 ga Yuli

An yi ruwa mai ƙarfi sau da dama, na sa a riƙa karanta mini allon injin ta waya, ƙarfin da ke dawowa bai motsa ba. Kwamiti ya amince da wayar rabin inci. Na ja kunnensu cewa kawunanta nata ne na musamman, a sayo su tare daga wuri ɗaya, kada a ce za a nema a nan.

Abin da ya rage a tebur shi ne awon ninkin zango. Tashar da ke MHz 95, a misali, tana iya zubar da sigina a 190 da 285, na farkon kuma cikin zangon talabijin na 174 zuwa 230 yake faɗawa. A Afrilu na ga ɗan tsini a ninki na biyu. Na ƙara mai 10 dB, babbar sigina ta sauka 10, tsinin ya sauka kusan 20. Da daga injin yake da 10 zai sauka shi ma, wato a cikin tinySA aka haife shi. Amma wannan bai wanke injin ba, ya dai nuna na'urar ba ta iya ganin ƙaramin abu muddin babbar sigina na tsaye kusa. Sai an danne babbar tukuna. Zan yi shi da guntun RG-58 na gaske a kan mahaɗin BNC mai baki uku, ƙarshensa a buɗe, tsawonsa rubu'in zango: a MHz 95 santimita 79 ne a iska, a cikin wayar kashi 66 cikin ɗari na wannan, wato 52. Zai danne babbar ya bar ninki na biyu ya wuce, amma zai danne na uku tare da ita, don haka wancan sai an yi masa tacewa daban. Yaron ya yanko santimita 56, gobe za mu riƙa rage shi kaɗan-kaɗan muna kallon NanoVNA har ramin ya zauna a kan zangon tashar.